Jami'ar Presbiteriyan ta Gana: Asalinta da Yadda Ake Tafiyar da Ita

Gabatarwa

Jami'a mai zaman kanta ita ce wadda ba gwamnati ta kafa ba, kuma ba daga baitulmali ake biyan ma'aikatanta ba. A ƙasar Gana, da yawa daga cikin irin waɗannan jami'o'i coci-coci ne suka kafa su. Ɗaya daga ciki ita ce ta Cocin Presbiteriyan, wanda mutanen ƙasar kan taƙaita sunansa su ce Presbi. Wannan coci ya daɗe da sanin hanyar Salaga da Yandi da Bawku, garuruwan da Hausawa ke da tsofaffin zanguna a cikinsu, amma duk harabobin jami'arsa a kudu suke. Ana iya gane dalilin haka idan aka duba tarihin jami'ar da kuma tsarin gudanar da ita.

Daga mishan zuwa jami'a

Tushen cocin shi ne Mishan na Basel, wata ƙungiya daga ƙasar Suwizalan wadda yawancin ma'aikatanta Jamusawa ne. Sun sauka Osu, a bakin teku, a 1828. Zazzaɓi ya kashe na farkonsu, don haka Andreas Riis ya hau tudun Akropong a 1835, inda iska ta fi daɗi. A nan aka buɗe makarantar horar da malamai a 1848, wadda har yau tana aiki.

A lokacin nan Salaga ce babbar kasuwar yankin. Can fataken Kano da Katsina ke kai jakuna da tufafi da kanwa su komo da goro, abin da Hausawa ke kira fataucin Gwanja. Ana kuma cinikin bayi sosai. A 1877 wasu ma'aikatan mishan ɗin 'yan ƙasa, Theophilus Opoku da David Asante, suka je garin suka rubuta abin da suka gani. Sun tarar da masallatai da makarantun allo da malamai masu karatu da rubutu, wato gari mai nasa ilimin tun kafin zuwansu. Ba a kafa tasha a can ba a lokacin, sa'an nan yaƙin basasar 1892 ya watse garin. Sai a 1913 mishan ɗin ya buɗe tasha a Yandi, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jamus. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Ingilishi suka karɓe yankin, kuma zuwa 1916 an rufe tashar. Ba da daɗewa ba aka kori 'yan Basel daga ƙasar baki ɗaya, mishan na Sikotlan ya gaje su a 1918, kuma a 1926 cocin ya ɗauki sunan Presbiteriyan.

A Bawku ne cocin ya yi kaka-gida a arewa. Tun shekarun 1950 yake riƙe da babban asibitin garin, wanda ya yi suna wajen aikin ido har marasa lafiya na zuwa daga Burkina Faso da Togo. Kusa da shi akwai makarantar koyon aikin jinya, a Garu kuma akwai tashar koyar da noma.

Jami'a ta zo ne daga baya ƙwarai. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ba kowa damar kafa makaranta mai zaman kanta da kuɗinsa, a 1993 kuma aka kafa hukumar tantance manyan makarantu. Jami'o'in gwamnati sun cika maƙil, masu takardar shiga sun fi gurbi yawa. Cocin Adventist ne ya fara samun amincewar hukumar a 1997 da makarantarsa ta Valley View. Presbiteriyan suka buɗe tasu a ƙarshen 2003 a Abetifi, kan tudun Kwahu, ƙarƙashin Farfesa Kofi Sraku-Lartey. Daga baya aka ƙara harabar Akropong da ta Agogo, sai kuma Tema da Kumasi. Ukun farko duk tsofaffin tashoshin Basel ne: a Agogo, inda ake koyar da aikin jinya, akwai asibitin mishan tun 1931. Ke nan an dasa jami'ar ne inda coci ya riga ya mallaki fili da gine-gine da mabiya.

Zaman goyo da yaye

A lokacin da aka kafa wannan jami'a, ba a kiran sabuwar makaranta jami'a kai tsaye a Gana. Sai ta fara zama kwalejin jami'a, ta kama wata tsohuwar jami'a ta zame mata uwar goyo. Uwar goyon ce ke duba manhaja, ta binciki tambayoyin jarrabawa da yadda aka ba da maki, kuma sunanta ne ke kan takardar digiri. Kafin 2022, ɗalibi kan yi shekara huɗu a Abetifi, amma ya fita da shaidar Jami'ar Gana ta Legon, ko ta Kumasi, ko ta Cape Coast, gwargwadon fannin da ya karanta. Wannan reno ba kyauta ba ne, kwaleji ce ke biyan kuɗinsa, kuma masu makarantu sun daɗe suna kukan tsadarsa da jinkirin da yake jawowa duk lokacin da aka so fara sabon kwas. Amma shi ne ya sa masu ɗaukar ma'aikata suka yarda da takardun tun farko.

Yaye yana zuwa ne da takardar cin gashin kai wadda shugaban ƙasa ke sa wa hannu. Valley View ta samu tata a 2006. Ta Presbiteriyan ta jira har 2022, lokacin da Shugaba Akufo-Addo ya ba ta tare da ta Katolika da ta Methodist. Daga nan ta fara ba da digiri da sunanta. Yaye bai fitar da ita daga hannun gwamnati ba: a 2020 an haɗe tsohuwar hukumar tantancewa da majalisar kula da ilimi mai zurfi suka zama hukuma ɗaya, GTEC, kuma kowane kwas sai ta amince da shi, ta kuma sake dubawa bayan 'yan shekaru.

Wa ke da ta cewa?

Ya kamata a lura da kalmomi biyu da ake yawan rikitawa a fassara. Uban jami'a muƙami ne na girmamawa, shi ke jagorantar bikin yaye ɗalibai. A nan shugaban babban taron cocin ne ke riƙe shi. Shugaban jami'a kuwa shi ne mai aikin yau da kullum, rajistara da jami'in kuɗi da shugabannin tsangayoyi suna ƙarƙashinsa. Tsakanin coci da shugaban akwai majalisar gudanarwa, mai kula da kasafi da gine-gine da naɗa manyan ma'aikata. Abin da ya shafi karatu, kamar sharuɗɗan shiga da sakamakon jarrabawa, na majalisar malamai ne. Coci yana da mallaka, amma ba shi da hurumin ba da maki. Abin sha'awa, jami'ar ta ɗauko shugabanninta daga jami'o'in da suka rene ta: Farfesa Emmanuel Adow Obeng ya taɓa shugabantar Cape Coast, Farfesa Ebenezer Oduro Owusu kuma Legon.

Ƙofa a buɗe take ga kowane addini. Duk da haka akwai ofishin limamin coci da tarurrukan addu'a, don haka ɗalibi Musulmi daga zangon Yandi zai so ya tambayi abin da yake wajibi da wanda yake na ganin dama, da inda zai yi salla, kafin ya biya kuɗi.

Kuɗin nan su ne zuciyar al'amarin. Asibitin Bawku na coci ne, amma gwamnati ce ke biyan albashin yawancin ma'aikatansa ta hanyar ƙungiyar asibitocin Kirista ta ƙasa. Jami'a ba ta da wannan gata, da kuɗin ɗalibai take rayuwa. Dole ta bi inda masu iya biya suke, musamman ma'aikata masu karatun yamma da na ƙarshen mako, shi ya sa Tema da Kumasi suka riga kowane garin arewa. Yaron da ya gama sakandare a Bawku, idan ya zaɓi Abetifi, tafiyar yini guda ce a mota, ga kuɗin kwana da abinci bisa kuɗin makaranta. Yawanci Tamale ta fi masa sauƙi, inda Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta gwamnati take tun 1992, inda kuma Valley View ta buɗe reshe. Asusun bashin ɗalibai na ƙasa yana ba ɗaliban jami'o'i masu zaman kansu rance, da sharaɗin hukuma ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin da ɗalibin ya shiga.