Likitan haƙori da sirrin ciwon gado: wa ke da haƙƙin sani?

Kafin ya cire haƙori, likita yakan yi tambaya: "Kana da emasi?" Ba shisshigi ba ne. Mai amosanin jini yana iya fama da ciwon haƙori ba tare da ruɓewa ba, kuma ƙashin muƙamuƙinsa ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa dole likita ya sani.

To, amma abin da aka faɗa masa, ina iyakarsa?

A Dogondutsi ko Tibiri, inda kowa ya san gidan kowa, kuma auren zumunci ya yawaita, tambayar tana da nauyi. A ce budurwa ta shaida wa likita cewa jininta SS ne, alhali ya san an sa ranarta da ɗan baffanta. In saurayin AS ne, kowane ciki yana da rabi da rabi na zuwa da ciwon. In dukansu AS ne, ɗaya ne cikin huɗu. Ya yi shiru, ko ya gargaɗi dangi?

Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta yi magana: ma'aikacin lafiyar da ya tona sirrin majinyaci, ban da inda doka ta ba shi izini, yana fuskantar ɗauri da tara. Baffa, suruki ko saurayi, babu mai haƙƙin ji daga bakinsa. In ƙaramin yaro ne, iyayensa ake gaya wa.

Shirun nan kuwa ba naɗe hannu ba ne. Aikinsa ya zauna da majinyaciyar, ya fahimtar da ita yadda gadon yake, ya ba ta shawarar su je awon jini tare kafin aure. A Yamai ma akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo.

Akwai wani dalilin kame baki: ido yana ruɗi. A Tibirin Gobir, jihar Maradi, ruwan famfo mai yawan sinadarin fuluwo ne ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara, ba gado ba. Kalma ɗaya ta gaggawa tana iya hana ƴan matan gida guda aure.

Ranar da sirri ya fara fita daga ɗakin likita, marasa lafiya za su daina faɗin gaskiya, sai a riƙa cire haƙori cikin duhu.