Koyon Sifaniyanci A Jami'ar Kirista: Lissafin Da Ke Gaban Ɗan Kasuwar Dindir

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar amfanin gona ta Dindir ko ta Gadarif a lokacin kaka, ya ji dillalai suna yanka farashin riɗi da ƙintari. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, in ka tsallaka teku ka je ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, za ka tarar da wannan ma'auni, sai dai su quintal suke ce masa. Haka kuma rumbun ajiyar kaya almacén ne a bakinsu, wato makhzan ɗin Larabci, ofishin kwastan kuwa aduana, daga kalmar diwani. Sukari azúcar, man girki aceite, shinkafa arroz. Wannan gado ne na zaman da Musulmi suka yi a Andalus daga shekarar 711 zuwa 1492. Ke nan yaron da ya tashi a ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin kogin Dindir, yana jin Hausa a gida da Larabci a kasuwa, ya riga ya ci wani ɓangare na karatun tun bai shiga aji ba.

To, me zai kai ɗan kasuwa ga wannan harshe? Amsar tana cikin buhun zoɓo, wanda mutanen Sudan ke kira karkade. Ƙasar Meziko na cikin manyan masu sayensa a duniya, domin can ma jiƙa shi suke yi su sha da sanyi kamar mu, suna kiransa hamaika. Wani kaso mai yawa na zoɓon da ake tarawa a Maigatari da Kano can yake ƙarewa, na Kordofan ma ya daɗe yana fita ƙetare. Idan mai karatu bai manta ba, a 2018 Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya saboda wani ƙwaron rumbu da aka gano a cikin kaya, kuma sai da aka shafe 'yan shekaru kafin a sake buɗe ƙofa bisa sharaɗin turara kayan da magani kafin a loda. Dokokin shigar da kaya Meziko da Sifaniyanci ake rubuta su. Manomi da ƙaramin dillali kuwa sai dai su ji labari a bakin wani, bayan farashi ya riga ya faɗi.

Ba Meziko kaɗai ba. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da harshen a bakinsu, a ƙasashe kimanin 20. A nan Afirka ma akwai Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu 'yanci daga Sifen a 1968, inda fatake Hausawa suka daɗe da zama a Malabo da Bata.

Sai dai magana takan tsaya ne idan aka ce wa uba makarantar da ɗansa ya samu ta Kiristoci ce. A gaskiya wannan ba baƙon abu ba ne ga Hausawan Sudan. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa kusa da Sinnar, jama'armu suke zaune a ƙasar da makarantun mishan ke da suna. Kwalejin Komboni ta Katolika an buɗe ta a Khartum a 1929, kuma manyan gidajen Musulmi sun yi ta kai 'ya'yansu can saboda ingancin Turancinta da lissafinta. A 2001 aka kafa sashenta na gaba da sakandare, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Komboni, wadda wani limamin coci ɗan ƙasar Sifen, Jorge Naranjo, ya shugabanta. Musulmi da Kirista aji ɗaya suke zama. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba ta da gine-ginenta na Khartum, ta mai da wasu darussa Port Sudan, wasu kuma ta intanet.

A can Sifen, wasu daga cikin jami'o'in da suka yi fice na coci ne. Akwai Deusto a Bilbao da aka kafa a 1886, da Comillas a Madrid, da Navarra a Pamplona tun 1952, da kuma jami'ar Paparoma ta Salamanka. Digirin farko shekara huɗu ne. Masu zaman kansu ne, saboda haka kuɗinsu ya fi na jami'o'in gwamnati nesa ba kusa ba, ga haya ga abinci da kuɗin Yuro. Amfaninsu ɗaya ne babba: yaro zai ji harshen a aji, ya ji shi a mota, ya ji shi wajen mai burodi.

Jami'o'in Kirista kuma ba duka suka zama ɗaya ba, kuma nan ne iyaye suka fi yin kuskure, wasu su ƙi gaba ɗaya, wasu su miƙa yaro ido rufe. A Nijeriya, jami'o'i irin su Covenant da Babcock sun sanya halartar taron ibada cikin dokokin ɗalibai, kuma ba su ɓoye wa kowa ba, yana rubuce. Na Katolika a Turai galibi ba su tilasta shiga coci, amma wasu kan sa darasi kan tunanin Kiristanci ko ɗa'a cikin kwasa-kwasan dole. Saboda haka kafin a biya ko sisi, a nemi littafin dokokin makarantar a sa wanda ya iya ya karanta. A tambayi maganar sallar Juma'a idan ta ci karo da lacca, da abincin ɗakin kwana, domin naman alade ruwan dare ne a girkin Sifen, da jarrabawa a watan azumi. In 'ya mace ce, a ji matsayinsu kan hijabi a rubuce, ba da fatar baki ba.

Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, hanya ba ɗaya ba ce. Jami'ar Azhar da kanta tana da sashen Sifaniyanci a tsangayar harsuna da fassara, haka ma Ain Shams a Alƙahira, garin da iyalai da yawa daga Sudan suka koma tun da yaƙi ya tashi. A yammaci akwai Legon a Gana da jami'ar Dakar. Akwai kuma cibiyar Cervantes ta gwamnatin Sifen, wadda aka kafa a 1991, mai reshe a Alƙahira da Dakar. Ita ke shirya jarrabawar DELE mai matakai shida, takardar da ake karɓa a ko'ina a matsayin shaidar iya harshen.

A ganina, mafi yawan gidajen 'yan kasuwa ba digirin adabi suke bukata ba. Shekara huɗu ana nazarin waƙoƙi da tarihin nahawu ya dace da mai son koyarwa ko aikin jakadanci. Mai son sayar da zoɓo da ƙaro da riɗi, abin da zai fisshe shi shi ne ya karanta akanta ko harkar shigi da fici, ya haɗa da Sifaniyancin da zai iya karanta kwangila, ya amsa waya, ya gane inda aka rage masa awo.

Ga mutanen Dindir ma lissafin ya fi haka nauyi. Dakarun RSF sun shiga garin a tsakiyar 2024, sojoji suka karɓe shi a watan Oktoba na shekarar, kuma a tsakanin nan an yi asarar amfanin gona da jari mai yawa, jama'a da dama sun yi gudun hijira zuwa Gadarif. Uban da ke neman tayar da shagonsa daga ƙasa, kuɗin zangon karatu ɗaya a Bilbao zai iya cika masa rumfa da kaya. Kuɗin darasin yamma da jarrabawar DELE a Alƙahira kuwa, 'yan buhunan riɗi ne.