Rarrabaccen Lissafi da Kwaikwayon Ambaliyar Kogin Kaduna: Misali Daga Unguwar Rimi

Gabatarwa

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa birnin Kaduna, sannan ya faɗa Kogin Kwara. Unguwar Rimi tana gaɓarsa ta arewa, cikin yankunan da ke fuskantar barazana idan ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2003 da 2012. Wannan maƙala za ta bayyana yadda rarrabaccen lissafi, wato raba aiki ɗaya ga kwamfutoci da yawa da aka haɗa, zai inganta hasashen irin wannan ambaliya.

Yadda Kwaikwayo Ke Aiki

Kwaikwayon kwamfuta shi ne siffanta abu da lissafi domin a hango halinsa kafin ya auku. Akan yanka taswirar yanki zuwa ƙananan murabba'ai, a lissafa zurfin ruwa da saurinsa a kowanne. Fili mai tsawon kilomita 10 da faɗin kilomita 10, idan aka yanka shi mita goma-goma, zai ba da murabba'ai miliyan ɗaya. Kuma gwaji ɗaya ba ya wadatarwa, dole a maimaita shi da yawan ruwan sama iri-iri.

Amfanin Rarraba Aiki

A ƙaddara gwaji ɗaya yana cin awa 2, ana kuma bukatar gwaji 500. Kwamfuta ɗaya za ta shafe kusan kwana 42. Idan aka raba wa kwamfutoci 50, kusan awa 20 sun isa, domin babu gwajin da ke jiran sakamakon wani. Wannan tunani ya daɗe. Tun 1922 Lewis Fry Richardson ya yi tunanin raba lissafin hasashen yanayi ga mutane 64,000. A 2003 Jami'ar Oxford ta ƙaddamar da climateprediction.net, inda masu sa kai ke gudanar da gwaje-gwajen yanayi a kwamfutocinsu na gida.

Kammalawa

Ɗakunan kwamfuta na makarantu irin su Jami'ar Jihar Kaduna da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando za su iya irin wannan aiki da dare, muddin akwai wutar lantarki. Sai dai yawan kwamfutoci ba ya gyara gurɓatattun bayanai, don haka wajibi ne a fara da sahihin awon ruwan sama da tudu da kwarin ƙasa. Haka kuma, sakamakon ba zai amfani mazauna bakin kogi ba sai an isar musu da shi cikin Hausar da suke fahimta. A nan ne aikin ya iso hannun masana harshe.