Ruɓewar Haƙorin Yaro Da Ƙarancin Jini

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan jan hankali ne ga iyaye da malaman allo na Wanke da sauran ƙasar Gusau, Tsafe da Bungudu.

Ku sani haƙoran farko na yaro guda 20 ne, kuma mutane da yawa ba su kula da su, don wai za su fita a yi famfara. To, alawa da mazarƙwaila da shayi mai sukari su ke ciyar da ƙwayoyin cuta a baki, su kuwa su fitar da tsami mai cin haƙori har ya yi kogo. Idan kogo ya yi zafi, sai yaro ya ƙi tauna nama da wake, ya koma kan koko zalla. Alhali sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi, yana cikin hanta da nama da kifi da wake da zogale. Saboda haka likitoci suka lura ƙarancin jini ya fi yawa ga yara masu mugun ruɓewar haƙori. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki kuma su ƙara tsotse abin da ya rage.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 68 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya suna da ƙarancin jini, a Zamfara kuwa 84, ba jihar da ta kai ta.

Alamarsa, a buɗe fatar idon yaro a dubi tafin hannunsa. In sun yi fari fat, ga kasala, ga haki, a kai shi a auna jini, a kuma duba haƙorin, ko a asibitin da ke kusa ko Asibitin Tarayya na Gusau. In dasashi ya kumbura yana wari yana zub da jini ga yaro ramamme, kada a kwana, domin haka ciwon noma mai cin fuska ke somawa. Akwai asibitinsa a Sakkwato tun 1999.

Ya ku malamai, almajiri amana ne. Aswaki sunna ne, a koya musu safe da dare, a rage musu zaƙi. Allah Ya raya mana zuriya. Haza wassalam.