Alkawari Kaya Ne: Jinkirin Mota da Farashin Siminti

Jama'a, duk wanda ya zauna da 'yan kasuwarmu na Zongon Sokode ko na Dapaong ya san kafin su tambayi dila nawa ne kaya, sai sun fara tambayarsa yaushe mota za ta iso.

Dalili shi ne kusan duk abin da muke sayarwa daga Lome yake hawowa, ta babbar hanya guda ɗaya wadda ta ratsa Atakpame, Sokode, Kara da Mango har Sinkase. Daga Lome zuwa Sokode kilomita wajen 340 ne, zuwa Dapaong kuwa sun haura 600. Ba mu manta da watan Yuli na 2008 ba, lokacin da ambaliya ta karya gadar Amakpape, manyan motoci suka koma zagaye ta Kpalime, kaya suka yi ta makara a hanya.

Mu ɗauki siminti. Mai buga bulo ya karɓi kuɗin mai gini, ya tara leburori. In dila ya ce Litinin amma mota ta zo Juma'a, ladan kwana huɗu ya tafi a banza, ga kunya. Don haka sai ya koma wa dilan da ke cika alkawari, ko da buhunsa ya ɗara tsada, domin araha ba ta ado. Mai shago kuma da bai amince da dilansa ba, dole ya jibge kaya fiye da bukata, jarinsa ya kwanta, wani buhun ya sha raɓa ya daskare. Wannan asara a kan farashi yake ɗora ta, mu masu saye mu biya.

Da kamfanin CIMTOGO ya buɗe masana'antar niƙa siminti kusa da Kara a 2017, tafiyar ta ragu ƙwarai ga mutanen arewa. Amma kusanci bai isa ba in babu amana. Kakanninmu fatake da suka bi ta wannan ƙasa zuwa Salaga sayen goro sun san haka, domin goro ba ya jiran madugu mai nawa.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce a riƙa rubuta ranar alkawari da ranar isowar kaya a littafi, kada kuma a dogara ga dila guda. Ranar ciniki, littafin nan shi ne hujja. Allah ya sa albarka a nema, amin.