Ƙwayoyin cuta masu barci cikin ƙasa

Manomi daga ƙasa yake samun abincinsa. Makiyayi ma haka, tunda ciyawar da bisashensa ke ci daga ƙasa take fitowa. Cikin wannan ƙasa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Yawancinsu ba su cutar da kowa, su ne ma ke ruɓar da taki ya zama abincin shuka. Amma akwai guda biyu masu kisa. Ɗaya tana kawo sarƙe-haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos. Ɗayar tana kawo ciwon saifa, wanda ke kayar da bisa, ya kama mutum.

Yadda aka gane su

Sunan waɗannan halittu bakteriya. Sai da madubin likita mai ƙara girman abu ake ganinsu. In aka jera su a layi, ɗaruruwa za su samu wuri a bayan ƙwayar gero guda.

A shekarar 1884 wani likita ɗan ƙasar Danmark, mai suna Hans Christian Gram, yana aiki a birnin Berlin na Jamus. Can ya gano wata dabara mai kama da aikin marina. Ana zuba wa ƙwayoyin shuni, sa'annan a wanke su. Wasu sai su saki shunin. Wasu kuwa su riƙe shi gam, don bangon jikinsu yana da kauri. Masu riƙe shunin su ake kira Gram-pozitif. Har yau ana yin wannan rini a ɗakunan gwaji na asibitoci, don likita ya san maganin da zai fara ba maras lafiya.

Masu riƙe shuni dangi ne babba. Cikinsu akwai mai kawo maruru da ƙurji mai mugunya. Akwai mai kawo ciwon huhu ga yara da tsofaffi. Akwai mai kawo mashaƙo, wanda ya ɓarke a Matamaye, cikin jihar Damagaram, a shekarar 2023.

Ƙwayar tetanos da ta saifa suna da wata dabara da waɗancan ba su da ita. In zama ya yi musu wuya sai su dunƙule, su yi ɓawo mai tauri, su kwanta barci. Kamar irin ƙarangiya ne da ke jiran ruwan farko. Zafin rani ba ya kashe su, sanyin hunturu ba ya kashe su. A shekarar 1942 sojojin Ingila suka gwada ƙwayar saifa bisa tumaki a wani tsibiri mai suna Gruinard. Tumakin suka mutu, aka hana kowa shiga wurin. Sai a 1990, bayan an wanke ƙasar da magani mai ƙarfi, aka ce mutane suna iya komawa. Shekara 48 ke nan.

Sarƙe-haƙora

Ƙwayar tetanos tana cikin ƙura da kashin dawaki da jakuna da shanu. Ba ta son iska. Don haka ta fi son rauni mai zurfi: sukan ƙayar aduwa, sukan ƙusa, saran hauya ko lauje. In ta shiga nama sai ta farka, ta saki dafi mai bin jijiyoyi. Bayan kwana 3 zuwa 21 muƙamuƙi ya ƙage, baki ya ƙi buɗewa, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe. Ƙara kaɗan ko haske sai ya sa jiki ya yi ta fizga.

Jarirai sun fi kowa shan wahalarta. Ta cibiya take shiga, in an yanke ta da aska ko reza mai dauɗa, ko an shafa mata toka, ko ƙasa, ko kashin shanu. Jaririn yana shan nono lafiya kwana biyun farko. Wajen ranar suna sai ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare. Askar wanzami da ba a dafa ba ita ma hanya ce, wajen kaciya ko tsaga ko cire beli.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta jarirai 787,000 ne wannan ciwo ya kashe a duniya a shekarar 1988. A 2018 sun ragu zuwa wajen 25,000. Allurar rigakafi da tsabtar haihuwa ne suka kawo wannan sauƙi. A 2016 OMS ta shaida cewa Nijar ta rage ciwon har bai kai jariri ɗaya cikin 1,000 ba. Amma ƙwayar tana nan cikin ƙasa. Duk gidan da aka bar allura, ƙofa ta buɗe mata.

Jariri yana samun allurar a sati 6, da sati 10, da sati 14. Mace mai ciki ita ma ana yi mata wajen awo, kuma kariyar tana wucewa ga ɗan da ke cikinta. Allura 5 ke cika wa mace kariya duk tsawon shekarunta na haihuwa. Wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, shi ma sai an yi masa allura, don ciwon ba ya barin kariya a jiki.

Ciwon saifa

Bisa tana ɗaukar ƙwayar saifa wajen kiwo, in ta ci ciyawa da ƙasa. Saniya ko tunkiya mai lafiya da safe, kafin marece ta faɗi. Baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fitowa ta hanci da baki da dubura. Gawar tana saurin kumbura.

Nan ne haɗari yake. Makiyayi yana jin zafin asara, sai ya yi sauri ya yanka kafin rai ya fita, a raba nama ko a kai kasuwa. Wanda ya feɗe yana iya samun ƙurji a hannu ko a wuya, mai ƙaiƙayi, wanda ke yin baƙin ɓawo a tsakiya. Wanda ya ci naman yana iya kamuwa da ciwon ciki mai tsanani, da amai da zawon jini. Fatar ma tana ɗauke da ƙwayar har wurin majemi. Jinin da ya zuba kuwa ya shuka ciwon a makiyaya shekara da shekaru.

Don haka bisar da ta faɗi farat ɗaya, kada a yanka, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa. A kira likitan dabbobi. A ƙone gawar inda take, ko a rufe ta cikin rami mai zurfin mita 2, inda kare da ungulu ba su kaiwa.

Allurar saifa tsohuwa ce. A 1881 Louis Pasteur ya gwada ta gaban jama'a a wani ƙauyen Faransa. Ya raba tumaki kashi biyu, ya yi wa kashi ɗaya allura, sa'annan ya sa wa duka ƙwayar. Waɗanda ba a yi wa ba suka mutu, waɗanda aka yi wa suka tsira. A wurin da ciwon ya taɓa faɗuwa, kowace shekara ake yi wa garke.

Magani

Maganin penisilin yana hana waɗannan ƙwayoyi gina bangonsu mai kauri, sai su fashe. Ƙurjin saifa yana warkewa in an je gidan likita da wuri, aka sha magani har ya ƙare. Tetanos kuwa, ko an kashe ƙwayar, dafin da ya riga ya kama jijiyoyi ba ya sakinsu da sauri. Shi ya sa mai sabon rauni ba ya jira. Ya wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, ya fitar da ƙaya da ƙasa, ya tafi gidan likita ranar nan, ko da raunin bai kai tsinin allura ba. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.