Lauyan Ɗaukaka Ƙara a Amurka: Misalin Thurgood Marshall

Galibin mutane, in aka ambaci lauya, abin da yake zo musu a rai shi ne mutum tsaye gaban alƙali yana tsananta wa mai ba da shaida tambaya har ya ruɗe. Alhali kuwa akwai wani jinsin lauya wanda aikinsa ba ya kankama sai an yanke hukunci, shaidu sun watse, shi ne lauyan ɗaukaka ƙara. A ƙasar Amurka, inda kotunan tarayya suke hawa uku, wato kotunan gunduma 94, da kotunan ɗaukaka ƙara 13, sa'an nan Kotun Ƙoli mai alƙalai 9, wannan lauya ba shi da ikon kawo sabuwar shaida. Abin da aka rubuta a kotun farko shi ne jarinsa, da shi kuma zai nuna, a rubuce tukuna sa'an nan da baki, cewa alƙalin ƙasa ya saɓa wa nassi, ko ya yi ƙiyasi ba bisa ƙa'ida ba.

Wanda ya fi kowa shahara a wannan fanni, a ganina, shi ne Thurgood Marshall, baƙar fata haifaffen Baltimore a 1908, wanda ya sauke karatun shari'a a Jami'ar Howard a 1933 a hannun malaminsa Charles Houston. A zamanin nan hukuncin Plessy na 1896 ya halatta a raba baƙaƙe da farare a wuraren jama'a muddin an ce abin da aka tanadar musu daidai yake. Da yake malami da almajirin sun san cewa alƙalai ba su son rushe hukuncin magabatansu farat ɗaya, sai suka bi ta gefe, suka fara da makarantun lauyoyi, wurin da kowane alƙali ya san ingancinsa da kansa, ba ya bukatar a yi masa tafsiri. A 1935 suka sa kotu ta buɗe wa wani baƙar fata, Donald Murray, ƙofar Jami'ar Maryland. A 1950, a shari'ar Sweatt, Kotun Ƙoli ta yarda cewa makarantar da Texas ta ƙirƙira wa baƙaƙe cikin gaggawa ba ta kai ta farare ba.

Abin lura a nan shi ne, tun a kotun farko Marshall yake tanadin ɗaukaka ƙara, domin abin da bai shiga rubutu a can ba ya wuce ke nan. Saboda haka a Carolina ta Kudu ya gabatar da masanin halayyar ɗan Adam, Kenneth Clark, ya ba da shaida kan illar wariya a zukatan yara, kuma wannan ƙara tana cikin waɗanda aka haɗa aka kira shari'ar Brown. A wannan shari'a, ran 17 ga Mayu 1954, alƙalai 9 na Kotun Ƙoli, baki ɗaya, suka haramta wariya a makarantun gwamnati.

Cikin ƙararraki 32 da ya kare gaban Kotun Ƙoli a aikinsa na kare haƙƙin baƙaƙe, ya ci 29. Shugaba Kennedy ya naɗa shi alƙalin ɗaukaka ƙara a 1961, Shugaba Johnson kuma ya mai da shi lauyan gwamnati a Kotun Ƙoli a 1965, sa'an nan a 1967 ya hau kujerar alƙalanci a wannan kotu, baƙar fata na farko da ya hau ta, ya zauna a kanta har 1991.